Yarinyar da Masu Yabo Suka Manta

Ɗana, matso kusa, maganar yau ba irin wadda ake ɗaga murya a kanta a zaure ba ce.

Kwanakin baya ɗan ƙanena, wanda ke karatun wasan kwaikwayo a jami'a, ya zo mini hutu. Bayan sallar isha'i muna tsakar gida, na ji shi a waya yana musu da abokinsa a kan wani tsohon fim. Abokin na cewa batsa ce tsagwaronta, shi kuma yana rantsuwa cewa fasaha ce, wai duk wanda bai ga komai a ciki ba sai tsiraici to kansa bai waye ba. Da ya ajiye wayar na tambaye shi sunan fim ɗin. Ya sunkuyar da kai ya ce Last Tango in Paris. Na tambayi sunan darakta, ya faɗa. Na tambayi jarumi, ya faɗa. Har mai ɗaukar hoto da mai kiɗa ya lissafo mini ba gargada. Sai na ce, yarinyar fa, shekarunta nawa lokacin da aka ɗauka, kuma ina ta ƙare? Yaro ya kama sosa ƙeya.

Wannan shirun nasa ne ya sa na ɗauki alƙalami, don na san ba shi kaɗai ba ne. Yau fim ɗin da a da sai mutum ya ƙetare teku kafin ya gan shi yana cikin aljihun kowane matashi, haka kuma kalmomin da ake kare shi da su.

An fito da fim ɗin a 1972. Bernardo Bertolucci, ɗan Italiya, shi ne darakta. Marlon Brando, wanda a shekarar nan ya girgiza duniya da The Godfather, ya fito a matsayin wani Ba'amurke da matarsa ta kashe kanta, ya haɗu da wata budurwa a wani gidan haya da babu kowa ciki a birnin Paris, suka ƙulla mu'amala bisa sharaɗin kada ɗayansu ya san sunan ɗaya. Ba zan yi maka ƙarya in ce babu gwaninta a aikin ba. Mai ɗaukar hoto Vittorio Storaro, wanda daga baya ya ci kyautar Oscar har sau uku, ya zuba wa ɗakunan wani haske mai ruwan lemo kamar na rana gab da magariba. Gato Barbieri ɗan Ajantina ya busa kiɗan da ya zauna a kunnen mutane shekara da shekaru. Wurin da Brando ya zauna gefen gawar matarsa yana zaginta yana kuka, har yau ana kafa misali da shi idan ana maganar iya wasa. Da aka nuna fim ɗin a New York ranar 14 ga Oktoba, 1972, shahararriyar mai sharhi Pauline Kael ta rubuta a mujallar The New Yorker cewa wannan dare zai zauna a tarihin fim kamar yadda daren 29 ga Mayu, 1913 ya zauna a tarihin kiɗa, ranar da aka fara gabatar da wani aikin Stravinsky a Paris har 'yan kallo suka yamutse. Brando da Bertolucci duka sun shiga takarar Oscar.

Masu kushe ma ba su yi barci ba. A Italiya aka maka fim ɗin a kotu, a 1976 kotun ƙoli ta yi umarni a lalata kwafe-kwafensa, aka hana Bertolucci jefa ƙuri'a tsawon shekara biyar. Sai a 1987 aka ɗage haramcin.

To duba da kyau. Ɓangarori biyun nan sun shafe shekaru suna jayayya a kan idon mai kallo, ɗaya na cewa an ciyar da shi gaba, ɗaya na cewa an ɓata shi. Wadda aka tsayar gaban kyamara kuwa, babu wanda ya juyo ya ce mata sannu.

Sunanta Maria Schneider, Bafaranshiya, shekarunta 19. Brando yana da 48, a shekaru ya isa ya haife ta har da ragi. A cikin fim ɗin akwai wani wuri na cin zarafi da kunya ba za ta bar ni in zayyana maka ba, kuma ba ka buƙatar zayyanar. A 2007, bayan shekara 35, ta gaya wa wata jaridar Ingila cewa wannan wuri ba ya cikin rubutun da ta karanta tun farko, an sanar da ita ne gab da kunna kyamara. Ta ce duk da kwaikwayo ne, hawayen da aka gani a fuskarta na gaske ne, ta ji an wulaƙanta ta, ta ji kamar an yi mata fyaɗe, kuma da ta san haƙƙinta da ta kira lauyanta ko wakilinta. A 2013 Bertolucci da bakinsa ya amsa a wata hira cewa shi da Brando sun shirya wani abu da safe suka ɓoye mata, saboda yana son ya ɗauki firgicinta na yarinya, ba wasan 'yar fim ba. Ya ce yana jin laifi amma bai yi nadama ba. Da hoton hirar ya sake yaɗuwa a 2016 duniya ta yi ca, sai ya fito ya ce ta san da wurin a rubuce, ƙarin da suka yi ne kawai ba ta sani ba. Ko da mun ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta, abin da ya rage ya isa: manya biyu masu suna da iko sun haɗa baki a kan ƙaramar yarinya don su sami hawaye na gaske su sayar.

Lokacin da ya yi wannan iƙirari ba ta raye. Ta rasu a watan Fabrairu na 2011 tana da shekara 58, bayan fama da ciwon daji, kuma kafin nan ta sha fama da ƙwayoyi da ƙuncin rai. Ta yi wasu finafinai, har da The Passenger na 1975 tare da Jack Nicholson, amma duk inda ta shiga da wancan wuri ɗaya ake nuna ta. Shi kuwa darakta ya ci gaba da hawa, fim ɗinsa The Last Emperor ya kwashe Oscar tara.

Ɗana, ka ga inda nake son kai ka. Duk mai kallon da ya ce wannan wuri ya taɓa shi saboda ya yi kama da gaske, gaskiya ya faɗa ba tare da ya sani ba. Abin da ya yaba a matsayin ƙwarewa, kukan 'yar mutane ne. Hasken Storaro da busar Barbieri ba su rage mata komai ba, sai ma suka sa abin ya yi kyan ɗan maciji, ya shiga ran miliyoyin mutane cikin sauƙi.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Ban yarda ka kalli irin waɗannan finafinai ba, ko an lulluɓe su da kyaututtukan duniya duka. Addininmu ya umarci namiji da mace su runtse ido, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce umarnin yana faɗuwa idan mai ɗaukar hoto gwani ne. Ka yi wa kanka adalci kuma: sau nawa kalmar fasaha ta zama mayafin da zuciya ke yafawa don ta kalli abin da dama take marmari? Kai ka san wuraren da yatsanka ke tsallakewa da wuraren da yake maimaitawa. Wanda ya zo don haske da kiɗa ba ya mayar da minti biyu baya sau biyar.

Amma ban so ka tsaya a kan tsoron idonka kaɗai, kamar yadda kotun Italiya ta tsaya. Ina so ka koyi tambayar da abokan musun nan biyu suka tsallake. Idan wani ya zo maka da yabon fim irin wannan, ka ce masa wa aka tuɓe, shekarunta nawa, ta san abin da za a yi mata, tana da ikon cewa a'a ba tare da an kore ta ba? Wanzami ba ya son jarfa. Mai cewa jiki ai kayan aikin fasaha ne, ka tambaye shi ko zai kai ƙanwarsa. Su kansu masu sana'ar a Turai da Amurka sun fara farga. Bayan guguwar fallasa cin zarafi ta 2017, kamfanoni irin su HBO suka fara ɗaukar ma'aikaci na musamman da zai tsaya a tabbatar ba a yi wa ɗan wasa abin da bai amince da shi ba. A 2024 aka nuna wani fim a bikin Cannes kan rayuwar Maria, kuma a watan Disambar shekarar babbar ma'ajiyar finafinai ta Faransa ta fasa nuna Last Tango in Paris bayan mata sun yi ƙorafi.

Ke kuma 'yata, idan zuciyarki na son harkar fim, a Kano ne ko a ko'ina, riƙe wannan. Finafinanmu ba sa nuna abin da na Turai ke nunawa, amma sabuwar fuska a gaban mai iko rauninta iri ɗaya ne a kowace ƙasa. Ki karanta labarin daga farko har ƙarshe kafin ki sa hannu. Kada ki je wurin ɗauka ba tare da wani naki ya san inda kike ba. Idan aka zo miki da abin da ba a rubuta ba aka ce daure, yanzu za a gama, ki ɗauki jakarki ki fita, ko wane ne ya faɗa.

A daren nan ɗan ƙanena bai ce mini komai ba. Da asuba bayan mun dawo daga masallaci na same shi zaune a bakin rijiya, ya nemo hoton Maria na lokacin, gashi ya rufe mata rabin fuska, kumatunta na yarinta ba su gama zubewa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, ashe sa'ar ƙanwata ce."