Sirri da Tsaro: Wa Zai Riƙe Makullin?

Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A dā mutum yakan adana sirrinsa a cikinsa, amma a yau mun damƙa shi ga wayar hannu da kwamfuta. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ko ya halatta a keta sirrin mutum domin a tsare rayukan jama'a?

A watan Disamba na 2015 aka kashe mutum 14 a garin San Banadino na Amurka. A 2016 hukumar FBI ta nemi kamfanin Apple ya ƙirƙiro hanyar buɗe wayar ɗaya daga cikin maharan, kamfanin kuwa ya ƙi, yana cewa makullin da ya buɗe wannan waya zai buɗe sauran duka. Hujjar hukumar tana da nauyi, gama jinin da aka zubar yana neman shari'a. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan tsoro. A 2021 gamayyar 'yan jarida ta fallasa jerin lambobin waya kimanin 50,000 da ake zargin masu amfani da manhajar Pegasus sun sa wa ido. Kamfanin NSO na Isra'ila ya ce domin yaƙi da ta'addanci da manyan laifuka yake sayar da ita, duk da haka an same ta a wayoyin 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam.

Mu ma abin ya shafe mu. A Disamba 2020 gwamnatin Nijeriya ta umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, amma masu garkuwa da mutane suka ci gaba da neman kuɗin fansa ta waya. Haka nan manhajar da ke nuna wa iyali inda matafiyinsu yake, ita ce za ta nuna wa azzalumin miji inda matarsa ta fake.

A ganinmu, sirri ba maƙiyin tsaro ba ne. Ga mai rauni ma shi ne garkuwarsa. Hukuma tana iya bincikar wayar mutum idan dalilin mai tsanani ne, alƙali ya ba da izini, binciken kuma ya tsaya a kan wanda ake zargi. Abin da ya wuce wannan cin amana ne.

Mu kanmu muna da alhaki. Mu kulle na'urorinmu da lamba mai wuyar ganewa, mu riƙa sabunta manhajojinsu, kada kuma mu taɓa saƙon da ba mu san tushensa ba. Duk wanda ya aiko mana da damuwarsa amana ya ba mu, sakacinmu kuwa yana iya jawo masa hasarar rai. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.