In Ɗa Ya Riga Uba Mutuwa

Yawancinmu in muka tuna da gado, sai mu ɗauka tsoho shi zai fara tafiya, yaro ya saura ya karɓa. Amma mutuwa ba ta duban furfura. Sau da yawa wanda aka yi wa tanadi shi ke riga mai tanadin kwanta dama. To, in haka ta auku, ina rabonsa za shi? Wannan ita ce tambayar da mu ke so ku 'yan makaranta ku taya mu dubawa.

Shari'ar Musulunci, bisa mazhabar Malikiyya wadda alƙalan ƙasarmu ke bi, ta tsai da magana ɗaya, watau ba mai cin gado sai wanda ke da rai sa'ad da mai dukiya ya cika. Haka nan kuma wasiyya. In mutum ya yi wa baransa wasiyyar gona, baran ya riga shi mutuwa, wasiyya ta ɓaci, gona ta koma hannun magada. Dalili kuwa a fili ya ke: wasiyya ba ta zama mallaka sai bayan ran mai yinta, wanda ke kabari kuwa ba ya mallakar kome, balle ya bar wa 'ya'yansa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kan jika. Ku ɗauko allo mu yi lissafi. A ce wani dattijo yana da shanu 30 da 'ya'ya maza uku, ba mata, ba bashi. Da duk suna nan, kowa ya sami 10. Amma babban ya rasu da damina ya bar yaro, dattijon ya bi shi da kaka. Sai biyun nan su raba 15, 15, maraya ya tashi hannu banza, domin baffanninsa sun fi shi kusa da mamaci, sun tare shi. Ga yaro ya rasa uba, ga shi kuma ya rasa abin da uban zai ci. Ashe watanni uku sun isa su raba mutum da shanu 10?

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. A Ingila ma wasiyya ta kan ɓaci in wanda aka yi wa ya riga mutuwa, amma cikin 1837 suka yi doka, in ɗan mai wasiyya ne ya bar zuriya, kyautar ba ta faɗuwa. A Masar, cikin 1946, aka kafa wasiyya ta tilas: jikan nan a ba shi rabon mahaifinsa, muddin bai wuce sulusi ba, ko da kakan bai faɗa ba. Pakistan kuma, cikin 1961, ta ba shi rabon mahaifin dungum, malamai da yawa suka yi gardama a kai.

Mu dai a namu gani, kafin mu ga laifin shari'a, mu dubi ƙofar da ta bari a buɗe. An yarda mutum ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba, jikan nan kuwa ba magaji ba ne. Ku koma ga allo. Sulusin 30 shi ne 10. In dattijo ya ba maraya 10, saura 20, kowane baffa ya ɗauki 10, ba a ƙwari kowa ba. Ashe abin da ya hana yaro rabo shi ne shirun kakansa cikin watanni ukun nan.

Wani zai ce, ai baffanni za su riƙe shi. Allah ya sa. Alƙur'ani ma, cikin Suratun Nisa'i, ya yi umurni a ɗan ba dangi da marayu in sun halarci rabo. Amma tausayi ya kan ragu in baffa ya tara nasa iyali, abin da aka faɗa gaban shaidu kuwa alƙali ya iya tsai da shi. Wani kuma zai ce yin wasiyya kiran mutuwa ne. Ina! Ajali ba ya jiran takarda, takarda kuma ba ta jawo shi.

Saboda haka wasiyya ba abin yi sau ɗaya a naɗe a jefa cikin adaka ba ne. Duk ran da aka yi rashi a gida, ya kamata mai gida ya sake dubanta, ya ga wa ya fita, wa ya saura ba mai tsaya masa. Ku kuwa da ku ke koyon rubutu, gobe ku dattawa za su kira ku rubuta musu. In an zo nan, kada kunya ta hana ku ce cikin ladabi, "Baba, ɗan marigayi fa?"