Fita Shan Iska Da Ƙawaye: Ina Matsayin Matar Aure?

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) mai jujjuya dare da rana, mai kawo sanyi ya ɗauke shi a lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Duk shekara idan hunturu ya fara janyewa wajen ƙarshen watan Fabrairu, hazo ya washe, kaushi ya fara barin ƙafa, tambaya guda ce take yawan dawowa a ajin matan aure na Islamiyya: shin ya halatta mace ta haɗu da ƙawayenta su je lambu ko bakin gulbi don kawai su sha iska? Wasu har sunkuyar da kai suke yi idan za su tambaya, kamar sun nemi wani abin kunya. To amsa a taƙaice ita ce ya halatta, da sharuɗɗansa. Ni ina ma ganin a halin da muke ciki yau a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, abin ya wuce halacci kawai, ya kusa zama buƙata.

Ba mu kaɗai ke jin wannan marmarin ba. A birnin Landan na Ingila, cikin watan Disamba, rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, wunin gaba ɗaya bai cika awa 8 ba. A garin Tromso na ƙasar Norwe kuwa, inda akwai Musulmi har da masallacinsu, rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Likitocinsu sun san wani nau'in ƙuncin rai da ke kama mutane a wannan lokacin saboda ƙarancin haske da yawan zaman ɗaki. Shi ya sa da zarar ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho, sai ka ga iyalai da ƙawaye sun cika wuraren shaƙatawa da shimfiɗunsu da abincinsu. Sanyinmu bai kai ko kusa da nasu ba, amma jiki iri ɗaya Allah ya yi mana. Fatar ɗan Adam tana buƙatar hasken rana don samar da bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, zuciya kuma tana buƙatar ta ga fuskar da take so.

Mu namu lokacin ma kashi biyu ne. Akwai ɗan tsakanin nan bayan sanyi kafin zafin bazara ya kankama, lokacin da lambunan bakin Gagare da Bunsuru suke shar da albasa da tumatir da latas, mangwaro ya fara ƙosawa. Sai kuma farkon damina, bayan ruwan shuka, ranar da za ki leƙa bayan gari ki ga filin da jiya yake fari fat yau ya yi kore. A cikin Suratur Rum da Suratul Hajji da wasu wurare da dama, Allah ya kafa mana hujja da wannan abin a kan tashin alƙiyama, wato ƙasa busasshiya da take rayuwa idan ruwa ya sauka, ya kuma neme mu da mu duba. To 'yar uwa, da me za ki duba idan shekara ta zagayo idonki bai sauka a kan gona ba? Ko itacen gawo kaɗai ya ishi mai hankali wa'azi. Duk itatuwa suna ganye da damina, shi kuma a lokacin yake kakkaɓe nasa, sai rani ya yi, kowa ya bushe, sannan ya yi kore ya ba dabbobi abinci da inuwa. Wane ne ya tsara masa haka? Sau nawa na karantar da wannan a allo, amma ranar da yara suka tsaya ƙarƙashin gawo suka ɗaga kai, ranar ce ya zauna musu.

Masu ganin duk wani nishaɗi ragin imani ne, su tuna labarin Hanzala (RA) da ke cikin Sahihu Muslim. Ya haɗu da Sayyidina Abubakar (RA) yana kuka da kansa cewa ya zama munafuki, domin idan suna gaban Annabi (SAW) kamar suna ganin Aljanna da wuta da idonsu, amma da sun koma cikin iyali da gonaki sai su shagala. Suka tafi tare suka kai maganar. Annabi (SAW) bai ce ya yi munafunci ba. Ya nuna masa cewa ɗan Adam ba mala'ika ba ne, kowane abu da lokacinsa. Shi kansa (SAW) yakan shiga gonar Abu Ɗalha da ake kira Bairuha, kusa da masallacinsa, ya sha ruwanta mai daɗi. Ya yi tsere da Nana A'isha (RA) a hanyar tafiya har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Ƙawayenta idan sun zo wasa suka gan shi suka ɓuya, shi yake turo mata su. Bayan rasuwar Nana Khadija (RA) kuwa, idan ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta da nama. Ku duba fa, ƙawayen matarsa da ta riga ta rasu. Wannan ya isa ya nuna wa maigidan da yake ganin ƙawa ba ta da wani amfani sai ɓata masa mata cewa ba daga sunna ya samo wannan ra'ayin ba.

A ƙasarmu ma haɗuwar mata ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda jaji take jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka su taka har wurinta su ɗauko karatu su kai wa na gida. Mafi yawan masu tafiyar dattawan mata ne da ƙananan 'yan mata, kuma ilimi ne ya fitar da su, amma dai a ƙungiya suka fita, da shugaba, da tsari. Tsarin nan shi ne abin koyi.

Farkon tsari izinin maigida, kuma izini na gaskiya. Ba ki ce za ki dubiya asibiti ba alhali lambu kika nufa. Ki faɗa masa wurin, da waɗanda za ku je tare, da lokacin dawowa. Idan ya hana, ki haƙura ki sake neman wata rana cikin lalama, don fitar da ta jawo gaba a gida ba ta da sauran daɗi. Zuwa lambun bakin gari ba tafiyar matafiyi ba ce da za a ce dole sai da muharrami, amma idan za a bar gari zuwa wani gari, to hukunci ya canza. Hijabi kuwa ba sai na tsaya a kansa ba, kun san shi. Abin da zan ƙara kawai, turaren da kika tanada don maigida ki bar shi a ɗaki.

Inda na fi jin tsoro shi ne harshe. Mata shida a kan tabarma, ga rake ga gyaɗa, babu aikin da ke jiran kowa, Shaiɗan ba ya samun kasuwa irin wannan. Ana farawa da "Allah sarki wance", kafin a tashi an gama da ita da mijinta da kishiyarta har da kayan ɗakinta. Suratul Hujurati ta kwatanta giba da cin naman ɗan uwa matacce, to wace riba aka ci idan an fita neman lafiyar jiki an dawo da wannan a ciki? Ku sa wata babba a cikinku wadda ake jin nauyinta, wadda za ta iya cewa "a bar zancen nan" ba tare da an yi fushi ba. Haka nan asirin shimfiɗa ba abin hira ba ne ko da da aminiya.

Sai waya. Da an zauna sai a fara ɗaukar hoto, kafin magariba matar wani tana yawo a WhatsApp da Facebook, ita ba ta sani ba, mijinta bai sani ba. Wannan cin amana ne, kuma a yankinmu har da ganganci, domin kin sanar da wanda ba ki sani ba inda kuke zama da ranar da kuke zuwa. Sallah kuma kada ta zama abin da za a rama a gida. Buta da abin shimfiɗa ba su da nauyi, ƙasa duk masallaci ce ga wannan al'umma. Lambun mutane ba a tsinkar masa ko tumatir ɗaya sai da yardar mai shi, ku saya ku biya, shi ma da guminsa ya yi ban ruwa. Ledojin da kuka zo da su ku kwashe, awakin mutane suna haɗiye su su mutu. Yara kuma a riƙe su nesa da gulbi idan damina ta faɗi, don ruwa yakan taho daga sama ko ba a yi shi a garinku ba.

Na san wata za ta ce, "Malama, ke kina zancen lambu, mu da ko gonar gado mun bar wa ɓarayin daji?" Gaskiyarki. Shekara fiye da goma ke nan wannan bala'i yana cin yankin nan. Mun ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, har kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta tsaya, uwa ta kasa jin muryar 'yarta da ke aure a garin da ke kusa. Har yau hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi ba a shigarsu sai da addu'a a baki. Don haka ban ce kowa ta fita bayan gari ba. Kare rai yana gaba da shaƙatawa, kuma wadda ta kai kanta da 'ya'yanta inda ake tsoro da sunan tawakkali ba ta fahimci tawakkali ba. A tambayi maza halin da wurin yake ciki a ranar, a je da hantsi ko bayan azahar, a dawo rana tana sama. Idan babu natsuwa, to harabar makarantar Islamiyya ranar da babu karatu ta isa, ko gidan wata mai faɗin tsakar gida da inuwar darbejiya. Kowa ta kawo abin da ta samu, wannan dambu, waccan zogale da ƙuli, ba anko ba gasar atamfa.

Kuma a duba wa ake gayyata. A ajinmu akwai wata baiwar Allah da ta baro ƙauyensu bayan an kashe mijinta, tana zaune a ɗakin aro da yara huɗu. Ta taɓa ce mini abin da ya fi yunwa ci mata rai shi ne tun da ta zo garin nan babu wadda ta taɓa ce mata "taso mu je". A ƙauyensu ita ce ake kira kowane biki da suna, a nan kuwa sai dai a miƙo mata tsaki a kwano daga bakin ƙofa. Irinta suna da yawa a unguwanninmu, kun san su, wasu ma katanga ɗaya ce tsakaninku. Ku kira ta, ku ce kada ta kawo komai, ku zaunar da ita tsakiyar tabarma ba gefe ba. Wadda take cikin takaba kuwa, wata huɗu da kwana goma ba ta da halin fita irin wannan, sai ku ku ɗauki ƙwaryarku ku same ta a ɗakinta, ku kai mata ko mangwaro biyar ne daga lambun da kuka je.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura da sauran ƙasar Musulmi, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.