Asiri Iri Biyu

A dā ba a san Inates ba sai a Tilaberi. Amma a Disamba 2019 sunan ya shiga kowane gida a Nijar, gama 'yan ta'adda sun kashe sojoji 71 a can. A Janairu 2020 kuma aka kashe 89 a Shinagodar. Ba a gama makoki ba sai binciken ma'aikatar tsaro ya nuna cewa kimanin miliyar 76 na kuɗin Sefa sun salwanta wajen sayen kayan yaƙi. An ƙara wa wasu kaya farashi, wasu kuwa an biya amma ba su iso ba.

Daga nan tambaya ta taso: ko hukuma tana da iko ta ɓoye kome da sunan tsaro?

Masu cewa i suna da hujja. Hanyar da soja zai bi, da ranar da zai tashi, ba abin faɗa a kasuwa ba ne. Wanda ya tona su ya ba da ran ɗan'uwansa.

Amma asiri iri biyu ne. Akwai wanda yake kāre soja daga magabci, akwai kuma wanda yake kāre babba daga kunya. Farashin bindiga ba ya taimakon magabci da kome. Ɓoye shi yakan taimaki mai cin kuɗin ne kaɗai. Ma'auni ke nan: daga wa ake ɓoyewa, don amfanin wa kuma?

Sarki Dawuda ya aika da wasiƙar yaƙi a asirce, Uriya ya mutu a bakin dāga. Da ba Natan ya tsaya a gabansa ba, da an ce ƙaddarar yaƙi ce.

Saboda haka ba lalle kowa ya ga kome ba, amma dole wani ya gani, wanda ba ya cin abinci a hannun mai kashe kuɗin: wakilan jama'a, alƙali, mai binciken lissafi. In babu su, asiri na biyu zai sa rigar na fari.

Uwar da ta ba da ɗanta ba ta neman taswirar yaƙi. Abin da take so ta sani shi ne, kuɗin da aka fitar domin kāre shi sun kai gare shi ko ba su kai ba.