Kunya da Larura: Mas'alar Ƙaiƙayin da Ake Ɓoyewa

Daga cikin mas'alolin da malamanmu ba su cika taɓawa a majalisin karatu ba, alhali kuwa suna cin mata a ɓoye cikin gidajen Samaru da Sabon Gari, akwai ta matar da ƙaiƙayin gaba ya addabe ta wata da watanni, ya hana ta barci, ya raba ta da natsuwa a cikin salla, amma ta gwammace ta daure da ta buɗe baki a gaban likita, tana zaton shirun nan shi ne kunyar da addini ya yaba. A ganina, an yi wa kunya ƙazafi.

Babu jayayya cewa kunya reshe ce ta imani. Sai dai Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansar domin kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, Ummu Sulaim kuma ta tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hukuncin mafarkin mace, ya kuwa amsa mata. Fuƙaha'u sun halatta wa likita duban al'aura gwargwadon larura, mace ta duba mace in an samu, in an rasa namiji amintacce ya duba ba tare da keɓancewa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, duk da ilminsa da girman sarautarsa, bai ga ƙasƙanci a wallafa littafi kan maganin basur ba.

Abin da ya sa na nace a kan bincike shi ne, ƙaiƙayi alama ce kawai, sababansa kuwa suna da yawa, ko da yake mutane kan haɗa su duka su ce sanyi ne. Wani daga naman gwari yake, wanda yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ke ƙara wa ƙarfi; wani daga ƙwayar da ake ɗauka wajen saduwa, wadda sai an yi wa miji da mata magani tare; wani daga sabulu mai ƙamshi, ko turare, ko kayan matsi; wani daga bushewar da ke biyo bayan ɗaukewar haila. Sau da yawa ta nan ciwon sukari ke fara bayyana. Akwai kuma cutar fata mai mai da wurin fari, wadda in an yi sakaci da ita shekaru takan rikiɗe ta zama sankara a wasu matan. To, yaya mai kemis, ko mai tallar magani da lasifika a kasuwar Sabon Gari, zai rarrabe waɗannan alhali bai duba ba, bai auna ba?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika, gaba kaɗan da Samaru, na Gambo Sawaba kuma yana Ƙofar Gayan. Ɗaukar ɗan ruwa da auduga da awon sukari kan warware mafi yawan shubuhar, wani lokaci sai an yanki ɗan fata an bincika. Mafi yawan matan nan suna jiran izini ne da kuɗin mota, saboda haka mijin da ya ji koken iyalinsa ya ce ta sha jiƙo ta yi haƙuri, shi ma wannan mas'ala ta hau kansa.