Dashen tumatir da dashen kwamfuta

Masu noman rani a bakin madatsar ruwan Guzuguzu ta Kabo ba sa tsige irin tumatir daga wurin reno da garaje. Sai sun shayar da shi ƙasa ta yi laushi, su ɗago shi da 'yar ƙasar da ke manne da saiwarsa, kuma sai rana ta yi sanyi suke dasawa. Sun san tsiro kan isa sabuwar gona ganyensa shar, washegari a tarar ya kwanta, don saiwar ba ta kama ba.

Haka lamarin yake a wurin kwamfutocin nan marasa gangar jiki. Akwai manhajar da ake kira haifabaiza, wadda ke raba na'ura ɗaya ta zama huɗu ko biyar, kowacce da nata Windows ko Linux. VMware na cikin irin waɗannan manhajoji, da Hyper-V na Microsoft, da KVM wanda manhajar Proxmox ke hawa a kai. Ga mai cibiyar kwamfuta a Gwarzo da ke lissafin man janareta kullum, babbar kwamfuta (saba) ɗaya a kunne maimakon huɗu ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, daga baya ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma na biya lokaci-lokaci. Da dala ake biya, naira kuwa a lokacin tana ta zubewa. Sai ƙaura ta tashi daga VMware zuwa wasu haifabaiza.

Abin da kowa ke fara dubawa shi ne fayil ɗin faifai. VMware na ajiye nasa a VMDK, Hyper-V a VHDX, KVM galibi a qcow2. Wannan shi ne ganyen: umarni ɗaya na qemu-img ya isa ya juya wannan ya zama wancan, mutum ya tashi yana murna ya gama.

Saiwar tana can ciki. Windows da ya girma a kan VMware ya saba da irin na'urar faifai da katin sadarwar da VMware ke nuna masa, direbobinsu kaɗai ya tanada. Ka kai shi KVM, ka haɗa masa faifan ta virtio ba ka sa masa direban tun yana tsohon gida ba, zai tashi ya nemi faifansa ya rasa, sai shuɗin allo. Haka wanda aka girka a kan BIOS ba zai tashi a UEFI ba. A Hyper-V ma bambancin ƙarni na ɗaya da na biyu ke nan. Ni a ganina wanda ya tsallake waɗannan abubuwa biyu bai fara aikin ba, ko da Proxmox ya ƙara mataimakin shigo da na'urorin VMware a fitowarsa ta 8.2 a 2024.

Sai batun kwashe na'ura daga wannan saba zuwa waccan tana kan aiki. VMware ba ya yarda da wannan tsakanin saba mai Intel da mai AMD, dole a kashe tukuna. Ko duk Intel ne, idan tsoho da sabo suka haɗu, sai an rufe wa sabon wasu fasahohinsa ya daidaita da tsohon.

Ƙaramin abin da ke ba mutane wahala daga baya shi ne katin sadarwa. Yakan sami sabuwar lambar MAC, adireshin da aka kafe wa sabar ya bi tsohon katin ya ɓace, kwamfutocin ɗalibai su yi ta neman sabar da ke kunne a gabansu.