Gudun Annoba: Ƙaddara, Rigakafi da Rashin Yarda

A shekara ta 18 bayan Hijira, wato wajen 639, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham. Da ya isa Sarga, kwamandojin rundunar Musulmi suka tarbe shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a ƙasar, tana ɗibar mutane ba ji ba gani. Ya nemi shawarar Muhajirai, kansu ya rabu. Ya kira Ansar, su ma haka. Dattawan Ƙuraishawa ne suka haɗu a kan magana guda, cewa a juya. Abu Ubaida, babban kwamandan Sham, ya tambayi Halifa ko gudun ƙaddara zai yi. Umar ya ba shi misalin mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya hana shiga garin da ake annoba, ya kuma hana na ciki fita.

Umar ya koma Madina. Abu Ubaida ya zauna da mutanensa, annobar Amwas ta ɗauke shi, ta ɗauke Mu'azu ɗan Jabal da ya gaje shi. Malaman tarihi sun kawo cewa kimanin mutum 25,000 suka rasu. Amru ɗan Asi ne ya umarci jama'a su watse cikin duwatsu, daga nan cutar ta lafa.

Da a ce hujja kaɗai ke kashe gardama, da tun ranar an rufe babin. Amma da babbar annobar 1347 zuwa 1351 ta share aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ta kuma kashe iyayen Ibn Khaldun a Tunis, tambayar ta dawo sabuwa ful. Ibn al-Khatib, wazirin Garnaɗa, ya kafe cewa cutar yaɗuwa take daga mutum zuwa mutum, ta hanyar tufafi da kwanuka da jiragen ruwa, domin ya lura waɗanda suka killace kansu suna tsira. Bayansa Ibn Hajar al-Asƙalani, wanda annoba ta raba shi da 'ya'yansa mata a Alƙahira, ya rubuta littafi sukutum a kanta, bai kuwa yarda da batun yaɗuwar ba. Duk da haka shi ne ya soki fitar da jama'a suka yi zuwa bayan gari don addu'ar taro, ya kuma rubuta cewa mace-mace ƙaruwa suka yi bayanta. Malamai biyu, ƙibla ɗaya, fahimta daban, kuma ba wanda zai ce ɗayansu ya jahilci ƙaddara.

Wani abin ma ya fi saɓanin malamai yawan maimaituwa: neman wanda za a ɗora wa laifi. A Fabrairun 1349 mutanen Strasbourg suka ƙona ɗaruruwan Yahudawan garin bisa zargin zuba guba a rijiyoyi, alhali Fafaroma Clement na Shida ya riga ya fitar da sanarwa cewa Yahudawan ma cutar na kashe su. Ba su saurare shi ba. Birnin Ragusa kuwa, Dubrovnik ta yau, wata hanya ya bi a 1377, inda ya wajabta wa baƙi daga wuraren annoba zaman kwana talatin a keɓe kafin su shiga gari.

Mai karatu a Kano ba ya bukatar a kai shi nesa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar da wasu maƙwabtanta, bayan raɗe-raɗin cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. 'Yan jaridar waje da dama sun ɗauki lamarin a matsayin tsattsauran ra'ayin addini, amma wannan fassara ta yi arha. Ba taƙaddamar tauhidi ake yi ba, uwar da ta ɓoye ɗanta a ƙuryar ɗaki ba ƙaddara take karewa ba, gobe ma za ka gan ta a layin asibiti idan zazzaɓi ya kama shi. Abin da take tunawa shi ne 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Tana kuma tambayar dalilin da ya sa ake biyo ta har gida da ɗigon kyauta, alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai ta saya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Zargin hana haihuwar ba gaskiya ba ne, farashinsa kuma ya yi tsada. Ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe kusan ashirin, har Yemen da Indonesiya, yara da yawa suka nakasa ba gaira ba dalili.

Abin lura shi ne yadda aka fita daga rikicin. Ba sabuwar hujja aka gano ba, masu isar da ita aka sauya. Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa. Sarkin Kano Ado Bayero ya riƙa ɗiga wa yara maganin da hannunsa a bainar jama'a. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba, limamai suka sa batun a huɗuba. Tafiyar ba ta yi sumul ba, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata. Abokan aikinsu suka ci gaba da sallama gida gida. A Najeriya an ga ainihin ƙwayar cutar karo na ƙarshe a Borno a 2016, a yankunan da yaƙi ya hana ma'aikata shiga, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna.